Agogon da Ilu Fatoma Ya Sallama

Duk wanda ya taɓa kai dabba karar Maigatari, wato kasuwar dabbobi, a shekarun baya, in ka ce masa Ilu Fatoma sai ya gyaɗa kai. Haifaffen Ɗanzomo ne, ɗan manomi, amma tun yana saurayi ya jingine fartanya ya bi ƙafar shanu. Ya zama dillali, daga nan ya zama fatoma, wato mai masaukin fatake. Mutanen Damagaram su sauka a zaurensa ranar Laraba, su ci tuwonsa su sha furarsa, ranar Alhamis ya shige musu gaba ya sayar musu da shanunsu. Dogo ne, baƙi, ba ya son dogon zance. Amma ido gare shi, jama'a! Sa yana can ƙarshen kara, Ilu zai dube shi sau ɗaya ya ce maka an cika masa ciki da ruwa da kanwa ne don ya yi kyan gani, kada ka kusance shi. Kuma in aka bincika haka abin yake fitowa.

A kara aka gina shi, dokar kara ce a jininsa. Mai dabba ba ya faɗin kuɗin dabbarsa, mai saye ne ke tayawa. In tayin bai yi ba a ce masa albarka, ba faɗa ba zagi, shi kuma ya ƙara. Haka za a yi ta hawa har a zo inda mai kaya zai ce ya sallama. To daga wannan kalma dabba ta tashi daga hannunsa, ko da kuɗi ba su shiga aljihunsa ba tukuna. Mai saye yana iya tafiya sallah, ya ci abinci, ya dawo da la'asar, sansa na nan ɗaure yana jiransa. Ilu ya ga abin da ya sami wani dillali, Ɗantala, da ya sallama bijimi da hantsi, wani ya zo da ƙari da azahar ya sake sayar masa. Ilu na cikin waɗanda suka ba da shaida a kansa. Ba a doke Ɗantala ba, ba a kai shi ko'ina ba. Kawai dai daga ranar ba wanda ya sake ba shi igiyar dabba ya riƙe, har ya bar garin.

Cikin baƙin Ilu akwai wani attajiri, Alhaji Manu na Damagaram, wanda ya shekara da shekaru ba ya sauka ko'ina sai zaurensa. Wata shekara, bayan wani ciniki da ya yi masa daɗi, Alhaji Manu ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura wa Ilu, daga baya ya aiko masa da kwalinsa da takardunsa. Agogo ne ɗan Suwizalan, ƙarfe da zinariya, mai nauyi, irin wanda ba a sa masa batir. Alhaji ya ce masa, "Ilu, wannan garke ne a hannunka, kada ka raina shi." Ilu ya yi godiya, ya riƙa ɗaura shi ranar Juma'a da ranar sallah. Kwalin da takardun kuwa aka tura su ƙarƙashin gado, gara ta yi bikinta da su.

Sai duniya ta juya. Alhaji Manu ya rasu. Aka rufe boda, aka buɗe, aka sake rufewa, fataken da ke cika zaure suka ɗauke ƙafa. Larai, matar Ilu, ta kwanta doguwar jinya, jinyar ta cinye raguna da babur da ɗan filin da ke Ɗanzomo, sannan ta cika. Gidan ya rage daga shi sai 'yarsa Ummulkhair, wadda ta dawo daga Gumel bayan mijinta ya rasu, tana ɗinki tana sayar da atamfa ta waya. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiranta da komai sai Uwata.

A cikin wannan hali ne ido ya fara. Na hagu ya tafi a hankali, ba ciwo ba ruwa, har bai san ranar da ya tafi ba. Na dama ya soma rufewa daga gefe, sai ya zama in yana duban mutum ba ya ganin wanda ke tsaye kusa da shi. Ummulkhair ta ja shi Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa ya daina riƙe shi, sai aiki. Ya kuma faɗa musu gaskiya ba ɓoye-ɓoye: abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage ake son tsarewa, kuma kada su bari damina ta wuce. Suka hau mota suka kamo hanyar gida. Tsoro ne ya kama Ilu, tsoro na gaske, don bai san wani Ilu ba in ba mai ido ba.

Roƙo dai ba zai yi ba, waɗanda zai roƙa ma halinsu ɗaya da nasa. Agogon ne kaɗai ya rage. A Maigatari ko Gumel wa zai saye shi? Masu gyaran agogo na bakin kasuwa suka jujjuya shi suka ce wallahi ya fi ƙarfinsu. Sai Ummulkhair ta ce ta san wani dandali a waya inda masu irin wannan kaya ke haɗuwa. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, ta ɗauki agogon hoto gaba da baya, ta ce, "Baba, nawa zan rubuta?"

"Ki rubuta me?"

"Kuɗinsa. A nan sai an sa kuɗi, a kuma ce ba ragi, in ba haka ba 'yan wasa za su cika mu."

Ilu ya ɓata rai. "Uwata, yaushe mai kaya ya fara yi wa kayansa kuɗi? Mai so ya taya."

Ta yi magiya, ta kawo misali da atamfofinta, ina! Haka aka sa hoton ba kuɗi a ƙasansa.

Kai, ranar wayar nan ba ta huta ba. Ummulkhair na karantowa, shi yana zaune kan tabarma yana auna kowane tayi da dabba, don da haka kansa ke lissafi. Na farko kuɗin ɗan akuya. Na biyu ko zakara biyu ba zai saya ba. Wani ya ce ai jabu ne, ɗan Caina, amma zai taimaka ya karɓa. Wani ya ce ba kwali ba takarda, wa ya sani ko na sata ne. Wani ya ce a ba shi a yi musaya da tsohuwar wayarsa. Ummulkhair ta cika ta yi fam, ta ce, "Baba, waɗannan ba masu saye ba ne, 'yan rainin hankali ne. Ba a kula su."

"A'a," in ji shi. "Wanda ya taya ya girmama kayanka. Ƙaramin tayi ba zagi ba ne, buɗe ƙofa ne. Ba shi amsa."

Sai ya sa ta riƙa danna masa wajen ɗaukar murya. Kowane ɗaya sai ya gaishe shi, ya tambaye shi gida da iyali, ya ba shi tarihin agogon da na Alhaji Manu, sannan ya ce, "Albarka, ɗana. Ƙara dai." Abin tausayi, wallahi. Dattijo mai furfura yana gaida mutanen da ke kwance suna latsa waya don kashe lokaci. A kara in ka ce wa mutum albarka yana nan tsaye gabanka, kunya ma za ta sa ya ƙara. Waɗannan kuwa in an ce su ƙara sai su rage. Ɗaya ya ce tunda tsoho ne mai kayan, kuma da ganin alama a matse yake, ya janye tayinsa na farko, ga rabinsa. Wani ya ɗauki muryar Ilu ya watsa a dandalin, aka yi ta dariya ana kiransa Baba Albarka. Wannan Ummulkhair ba ta faɗa masa ba, ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Aka yi shuka, gero ya fito, ya kai gwiwa. Ganin Ilu na ta ƙanƙancewa. Ya fara tuntuɓe da buta, ya fara bin bango in zai fita masallaci. Ranar Alhamis yakan je kara har yanzu, amma sai ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya ga sa daga ƙaho zuwa wutsiya, kuma masu dabbobi sun lura.

Ran nan da hantsi wani tayi ya shigo daga wani mai kiran kansa Sarkin Gayu. Ba hoton fuska, sai hoton mota. Tayin bai kai rabin darajar agogon ba, amma Ummulkhair ta duba ta ce zai biya aikin ido da kuɗin mota, in an matsa. Ilu ya ce albarka, kamar yadda ya saba. Abin mamaki, mutumin ya ƙara kaɗan. Zuciyar Ilu ta yi sanyi, ya ce, "Kin gani? Wannan ɗan kasuwa ne, ya san ciniki." Ya sa ta danna, ya gyara murya ya ce, "Na sallama maka. Allah ya sa alheri." Can sai ga amsa, hoton babban yatsa, da rubutu cewa gobe zai turo kuɗi.

Gobe ta zo ta wuce. Jibi ma haka. Ummulkhair ta tura saƙo, shiru. Ta sake turawa, alama ta nuna an karanta, ba amsa. Lambar waya kuwa ba su da ita, don a dandalin suka haɗu. Ilu ya ce a yi wa mutumin uzuri, mutum yakan gamu da rashin lafiya ko rasuwa. Ya cire agogon daga inda yake ajiye shi ya ɗaura a hannu, ya ce amanar mutane ba a barinta ko'ina.

Ana cikin haka sai ga baƙo da mota har ƙofar gida. Alhaji Sha'aibu sunansa, dillalin agoguna ne daga Kano. Ya ga hoton tun kwanaki, ya yi magana da Ummulkhair, ta kwatanta masa gidan ba tare da ta gaya wa mahaifinta ba. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, aka kawo ruwa. Ya karɓi agogon, ya buɗe bayansa da wani ɗan ƙarfe, ya sa gilashi a ido ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago ya ce, "Baba, wannan na gaske ne. Ba na son in ɓata maka lokaci." Ya faɗi tayinsa. Ya ninka na Sarkin Gayu har da ɗoriya, kuma ya ce yanzu-yanzu zai tura, a ji ƙarar shigarsu kafin ya tashi.

Ummulkhair na bayan ƙofa, ta dafe ƙirji tana hamdala. Ilu ma ya ji abin har cikin ƙashinsa, ya ga asibiti, ya ga kansa a kara yana hango sa daga nesa. Amma ya miƙa hannu ya karɓi agogon ya mayar ya ɗaura.

"Alhaji, ka yi tayi na mutunci, Allah ya saka. Amma an riga ka. Na sallama wa wani."

"Ya biya?"

"Bai biya ba tukuna."

"Ya ba da wani abu na kafin alƙalami?"

"Bai bayar ba."

"Ka san shi? Ka san garinsu?"

"Ban san shi ba. Amma ya taya, na sallama."

Alhaji Sha'aibu ya yi dariya, da ya ga ba wasa ake ba ya daina. Ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, cinikin waya ba haka yake ba. Ni kaina a rana sai mutum goma su ce sun saya, ko ɗaya ba na sake jin ɗuriyarsa. In kuɗi ba su shigo ba, ba a yi ciniki ba."

"A wajenku," in ji Ilu. "Ni bakina ɗaya ne, da shi na yi magana a kara, da shi na yi a waya."

Nan Ummulkhair ta manta da kunyar baƙo ta faɗo zauren. "Baba, don girman Allah! Idonka fa! Mutumin nan ko sunansa ba mu sani ba!"

"Koma ciki, Uwata."

Alhaji Sha'aibu mutumin kirki ne, ya ce zai riƙe kuɗin zuwa kasuwa mai zuwa, in an sami mutumin ya janye a kira shi. Ya bar lambarsa ya tafi. Ilu ya sa aka yi ta aika wa Sarkin Gayu murya, safe da yamma: "Ɗana, in ka fasa ba laifi, ka faɗa kawai ka sake ni." Ba amsa. Ummulkhair ta je ta ɗauko liman. Liman ya zauna ya yi masa bayani a natse, cewa addini bai ɗaure shi ba, mai saye ya ɓace, ga lalura, ya halatta ya warware. Ilu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji, Malam, na kuma gode. Amma da bakin nan na ba da shaida a kan Ɗantala har ya bar garin nan da iyalinsa. In na yi abin da ya yi, me zan ce na yi masa?" Liman ya ce ai wannan daban wancan daban. Ilu ya ce shi bai ga bambancin ba.

Taurin kai ne? Taurin kai ne mana, har da na bugawa a jarida. Sai dai duk wanda ya ce Ilu bai damu da idonsa ba, bai gan shi ba a kwanakin nan. Yakan zauna a ƙofar gida bayan la'asar ya yi ta kallon abubuwa ɗaya bayan ɗaya, bishiyar maina, awakin maƙwabta, fuskar duk wanda ya wuce, yana kallo kamar mai yunwa. Abinci ya daina shiga. Wata rana da azahar yana kishingiɗe ya ji yatsu a kan maɗaurin agogon. Bai buɗe ido ba ya ce, "Uwata, in kika sayar da shi kayan wani kika sayar, kuma ban yafe ba." Ta saki hannun. Tun da aka haife ta bai taɓa gaya mata irin wannan magana ba, shi ma da ta fita sai da ya share hawaye.

Kasuwa ta ci ta watse, Alhaji Sha'aibu ya kira aka ce har yanzu ba labarin mutumin, ya sa kuɗinsa a wani kayan. Ummulkhair ta sayar da kekenta na ɗinki, kuɗin suka tafi a maganin ɗigawa. 'Yan tayin banza kuwa ba su fasa ba, kullum sai wayar ta yi ƙara, wannan ya ce kuɗin tunkiya, wancan ya ce a ba shi bashi. Yanzu amsa ɗaya Ilu ke sa a ba su, cewa an sayar.

Damina ta wuce. Ana cikin yankan gero, wata safiya ya ce wa 'yarsa yau hadari ne ya haɗu haka gari ya yi duhu? Rana kuwa tana tsaka da fitowa. Suka koma Kano da kuɗin da maƙwabta suka harhaɗa na mota. Likita ya haska fitila a idon, ya daɗe, sannan ya kashe ta ya ce su yi haƙuri, yanzu ko an yi aikin ba abin da zai tsare.

Bayan an gama kai amfanin gona gida, Ummulkhair na duba dandalin nan sai ta ga hoton motar da ba za ta taɓa mantawa ba. Sarkin Gayu ne ya sa takalma yana talla, har da lambar waya a ƙasa. Nan take ta kira, ta buɗe murya yadda mahaifinta zai ji, ta sa masa wayar a hannu. Muryar saurayi ce ta amsa, ana jin kiɗa da hayaniyar masu shayi a bayansa.

Ilu ya yi sallama, ya gaishe shi, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya ce, "Ni ne Ilu na Maigatari, mai agogon da ka taya na sallama maka."

"Wane agogo?"

Ilu ya kwatanta masa, ƙarfe da zinariya, farkon damina.

"Au! Wai Baba Albarka? Kai, Baba, kana nan?" Ya yi dariya. "Ai ni haka nake yi, in na ga kaya mai kyau sai in taya in ga ko za a sayar. Ina na ga kuɗin wannan agogo? Kowa ma haka yake yi, ba wani abu ba ne."

Ummulkhair ta kai hannu za ta fizge wayar, bakinta cike da abin da za ta faɗa masa. Ilu ya riƙe gam.

"To ka fasa ke nan?"

"Na fasa me?"

"Cinikin. Ina so ka faɗa da bakinka."

"To, Baba, na fasa. Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Allah ya yi maka albarka."

Wayar ta mutu. Ilu ya ajiye ta a kan tabarma, ya lalubi maɗaurin agogon, ya daɗe yana fama da shi kafin ya kwance. Fatar wajen ta yi fari, ta yi zobe.

"Uwata, karɓi. Ya dawo namu. Ki kira Alhajin nan na Kano."

Ya miƙa hannu da agogon wajen bango, inda ba kowa. Ummulkhair tana tsaye ta ɗaya gefen, ta toshe bakinta da mayafi don kada ya ji. Ya riƙe hannun a miƙe yana jira, har ya fara gajiya, ya ce, "Kina ina ne?" Sai da ta zagayo ta gabansa sannan ta karɓa.